Me ya sa tayoyin motata ke ƙara idan ina shan kwana a wurin ajiye motoci?

“Assalamu alaikum. Ina da Toyota Corolla ƙirar 2010. A ginin da nake aiki a Abuja, wurin ajiye motoci a ƙarƙashin ƙasa yake, kuma an shafe daɓen da wani fenti mai sheƙi. Duk lokacin da na zo shan kwana a ciki, ko da a hankali nake tafiya, sai tayoyin su riƙa wata ƙara mai tsini, ƙiiii, har masu gadi su waiwayo. A kan titi ba na jin komai. Wani bakanike ya ce alaimen ne, wato saitin tayoyin ne ya goce, wani kuma ya ce in sauya tayoyin duka. Wata huɗu ke nan da na sa su, na gwanjo ne amma da sauran zanensu. Matsala ce, ko in rabu da ita?”

Wa alaikumus salam, Malam. Idan na fahimce ka, ƙarar tana zuwa ne a wuri ɗaya kawai, a kan daɓe mai santsi, lokacin da ka murɗa sitiyari sosai kana tafiya a hankali, kuma da ka hau kwalta sai ta ɓace. To ka kwantar da hankalinka. A yawancin lokuta irin wannan ƙara daga daɓen take, kuma motar da aka fito da ita daga kamfani jiya ma za ta yi ta a wurin. Amma tunda tayoyinka na gwanjo ne, akwai abubuwan da nake so ka duba da idonka kafin ka manta da zancen, domin taya mai matsala takan fara tona kanta ne a irin wannan wuri.

Abin da ke faruwa tsakanin roba da daɓe

Wurin da taya ke taɓa ƙasa bai wuce faɗin tafin hannu ba. Idan mota na tafiya miƙe, kowane ɓangare na zanen taya yana sauka ƙasa, ya ɗauki nauyi, ya tashi, babu ja babu murɗa. Da ka karya sitiyari zuwa ƙarshe, labari ya canza. Tayar da ke ƙarƙashin Corolla irin taka faɗinta milimita 195 ne ko 205. A kwana mai matsi, gefen tayar na waje yana da tafiya mai nisa fiye da gefenta na ciki, alhali roba ɗaya ce, tare suke juyawa. Dole wani sashe na robar ya ja da ƙasa. Ƙananan tubalan da ke jikin zanen sai su kama daɓen, su lanƙwashe, idan sun kai iyakar abin da za su iya jurewa su kuɓuce su koma yadda suke, nan take su sake kamawa. Wannan kamawa da kuɓucewa yana faruwa sau ɗaruruwa a daƙiƙa guda, shi ne kunne ke ji a matsayin ƙiiii.

A kan kwalta ma robar tana ja da ƙasa, sai dai kwalta na da kaushi. Tsakuwar da ke cikinta ba ta barin tubalan su kama su saki a lokaci ɗaya, kowanne da nasa lokacin, don haka abin da ke fitowa ɗan gurnani ne da ƙarar inji ke dannewa. Daɓen da aka shafe da fentin efoksi, ko simintin da aka goge da inji har ya yi sheƙi, ba shi da wannan kaushin. Robar tana kwanciya a kansa gaba ɗaya, ta manne, tubalan su kuɓuce kusan tare, sautin ya fito da tsini. Abin da takalmin roba ke yi a kan tayil ɗin da aka goge tas ke nan, wanda ba zai yi a tsakar gida mai rairayi ba. Shi ya sa za ka lura ƙarar ta fi yawa da safe bayan masu shara sun goge wurin ya bushe, ta kuma ragu a lokacin hunturu idan ƙura ta kwanta a daɓen, domin ƙurar na shiga tsakani ta hana robar mannewa. Ko a fili a waje, idan taya ta hau farin layin fenti ko kibiyar da aka zana a ƙasa, takan yi ɗan tsuwa ta yi shiru.

Sai kuma ginin kansa. Rufin yana kusa, bango da ginshiƙai duk kankare ne, babu abin da zai shanye sauti. Ƙarar da a waje iska za ta kwashe, a nan dawowa take yi ta ko'ina, ga shi kuma mutum yakan sauke gilashi a irin wannan wuri.

Tayoyin gaba ba kwana ɗaya suke sha ba

Akwai dalili na biyu, wanda yake cikin ƙirar motar. Idan kana kwana, tayar gaba ta ciki tana zagaya ƙaramin da'ira, ta waje tana zagaya babba, don haka dole ta ciki ta fi ta waje karyewa. Mu ɗauki motarka: tsakanin tayoyin gaba da na baya mita 2.6 ne, tsakanin hagu da dama kusan mita 1.5. Idan ka yi kwanar da tayar baya ta ciki ke da nisan mita 4 daga tsakiyar da'irar, lissafi ya nuna tayar gaba ta ciki za ta buƙaci karyewar digiri 33, ta waje kuma digiri 25. Bambancin kusan digiri 8 ne. Dabarar da ke samar da wannan bambanci tsohuwa ce, wani maƙerin kekunan doki a Munich ta Jamus, Georg Lankensperger, shi ya ƙirƙiro ta, Rudolph Ackermann ya yi mata rajista a Ingila a 1818, sunansa kuma ya bi ta har yau.

Masu ƙera motoci ba sa cika wannan lissafi ɗari bisa ɗari, kuma da gangan suke yi. Abin da ya dace da juyawa a hankali a cikin gareji bai dace da shan kwana a guje a kan babbar hanya ba, inda nauyin mota ke komawa kan tayar waje. Sai su tsaya a tsakiya, su fifita zaman mota a kan gudu, su bar tayoyin su ɗan ja da ƙasa idan an murɗa sitiyari zuwa ƙarshe. Wannan ɗan jan yana cikin kowace mota lafiyayya, kuma babu alaimen da zai cire shi. Mota mai faɗin taya da siririn gefe ta fi yin sa, har wani lokaci direba ya ji gaban motar na ɗan tsalle-tsalle.

Ƙarar daɓe take bi ko mota take bi?

Wannan ita ce tambayar da za ta raba maka gardamar kanikawan nan biyu, kuma ba sai ka kashe ko kwabo ba. Da farko ka tsaya minti goma a wurin da safe lokacin da ma'aikata ke shigowa, ka saurari sauran motoci a kwanar da taka ke ƙara. Idan yawancinsu suna yi, ka samu rabin amsa. Bayan haka ka nemi fili mai kwalta inda babu mutane, ka sauke gilashi, ka murɗa sitiyari zuwa ƙarshe, ka zagaya sau biyu da saurin tafiyar ƙafa ta dama, ka sake ta hagu, sannan ka yi da ribas. Idan shiru ka ji, ko ɗan gurzar tsakuwa kawai, ƙararka ta daɓe ce. Idan ta biyo ka kan kwalta, ko ta fi yawa a gefe ɗaya fiye da ɗayan, ko kana jin ta a shataletale da gudun da sauran motoci ke wucewa shiru, to akwai abin dubawa a motar.

Iska ita ce ta farko. Tayar da iskarta ta yi ƙasa tana bajewa a ƙasa, gefenta na lanƙwashewa, robar da ke ja da daɓe ta ƙaru, ƙarar ma ta ƙaru. Ka buɗe ƙofar direba, a jikin ginshiƙin akwai takarda da ke nuna iskar da kamfani ya ƙayyade. Ga irin motarka 30 ne zuwa 32 a ma'aunin psi, gwargwadon girman tayar. Lambar da ke jikin tayar kanta, wadda sau da yawa take 44 ko 51, iyakar abin da tayar za ta iya ɗauka ce, ba abin da za a zuba ba. A nan ne masu faci da yawa ke kuskure, su cika taya 45 ko 50, wasu ma da bugun ƙarfe suke gane ta cika. Tayar da aka cika fiye da kima tsakiyarta kaɗai ke taɓa ƙasa, riƙonta ya ragu, ta suɗe a tsakiya, ta kuma yi saurin ƙara a kwana idan ana gudu. Shawarata ka sayi gejinka ka ajiye a mota, ka riƙa aunawa da safe kafin ka yi tafiya, domin taya mai zafi takan nuna ƙarin 3 ko 4, kuma ba a sace wannan ƙarin. Sau ɗaya a wata ya isa, har da safaya.

Na biyu shekarun tayar, kuma a nan ne tayar gwanjo ke yaudarar mutane. Zane mai zurfi ba ya nuna ƙuruciya. A gefen kowace taya akwai rubutu da ya fara da DOT, ya ƙare da lambobi huɗu. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara: 3518 na nufin mako na 35 a 2018. Wani lokaci a gefe ɗaya kawai ake buga cikakkiyar lambar, sai ka leƙa ta ciki. Roba tana taurara da tsufa, zafin rana irin namu kuma na gaggauta hakan. Tsohuwar taya ba ta lanƙwasa ta bi ƙasa, kuɓucewa take yi da wuri, saboda haka ta fi ƙara, kuma ta fi daɗewa kafin ta tsaya idan an taka birki, musamman a ruwa. Kamfanin Michelin ya ce daga shekara biyar a riƙa kai taya ana duba ta duk shekara, kada kuma ta wuce goma ko da zanenta na nan. Ni a yanayinmu ba na son ganin taya ta haura shekara shida a ƙarƙashin motar da ke bin hanyar Abuja zuwa Kaduna. Ka duba ƙananan tsagewa a gefenta da cikin ramukan zanen, ka danna farcenka a robar. Idan ta ƙi shiga ko kaɗan, ta ƙeƙashe. A cikin ramukan kuma akwai ƙananan tudu da aka yi a tsayin milimita 1.6. Idan zanen ya yi daidai da su, tayar ta gama aiki.

Na uku shi ne wanda mutane ƙalilan ke dubawa, kuma na fi damuwa da shi. Cikin tayoyin gwanjon da ake shigo da su daga Turai da Japan akwai tayoyin ƙasar sanyi masu yawa, kuma su ne suka fi ɗaukar ido a kasuwa saboda zanensu mai zurfi. Za ka gane su da hoton dutse mai ƙololuwa uku da alamar ƙanƙara a cikinsa, da kuma ƙananan yanka masu lanƙwasa birjik a kan kowane tubali na zanen. An haɗa robarsu ne don ta zauna da laushi a sanyin da ya yi ƙasa da digiri 7. A kan kwaltar Sakkwato ko Maiduguri a watan Afrilu, inda iska kanta ke haura digiri 40, robar tana yin laushi fiye da kima, tubalan su riƙa rawa, motar ta yi lilo a kwana, birki ya yi tsawo, tayar ta cinye cikin ƙanƙanin lokaci. A kan daɓe mai fenti kuwa suna cikin waɗanda suka fi kowa kuka. Rubutun M+S shi kaɗai ba hujja ba ne, domin ana samun sa a tayoyin kowane yanayi. Hoton dutsen tare da yankan nan birjik za ka nema, domin shi ma hoton ana samun sa a wasu tayoyin kowane yanayi. Idan ka same su duka biyu a tayoyinka, bakanike na biyu ya yi gaskiya, a sauya su, kuma ba don ƙarar ba, don birki. Ka kuma tabbata tayoyin gaba biyu girmansu ɗaya, zanensu ɗaya, domin mai sayar da gwanjo yakan haɗa abin da ya samu.

Batun alaimen

Alaimen na iya jawo ƙara, amma ba ya ɓuya. Idan gaban tayoyin ya tsuke ciki ko ya buɗe waje fiye da kima, tayar na ja da ƙasa ko a miƙe kake tafiya. Kuskuren rabin digiri kacal a taya ɗaya daidai yake da jan ta a kaikaice kusan mita 9 a kowace kilomita. A wata huɗu wannan zai bar shaida. Ka shafa tafin hannunka a kan zanen daga waje zuwa ciki, ka dawo daga ciki zuwa waje. Idan ta wani ɓangaren sumul, ta ɗayan kuma bakin tubalan na kama hannunka, alaimen ya goce. Haka idan gefe ɗaya na tayar ya fi ɗayan cinyewa, ko sitiyari ya karkace alhali motar na tafiya miƙe, ko tana janka gefe a kan hanya mai kyau. Idan babu ko ɗaya daga cikin waɗannan, kuɗin alaimen ba zai kashe ƙarar ba.

Idan kuma akwai, kada a fara da saiti. A ɗaga gaban motar da jak, a kama tayar ta hagu da dama a girgiza, sannan ta sama da ƙasa. Motsi a na farko yakan nuna tayirod ya saki, a na biyu boljoyin ko boris. A duba bushin ɗin hannun ƙasa ko ya tsage. Saita alaimen a kan sassan da suka yi lako-lako asarar kuɗi ce, ramin farko zai warware shi. Akwai kuma abin da saitin igiya, wato alaimen da ake yi da igiya ba da inji ba, ba ya kamawa: motar da ta faɗa babban rami ko aka taɓa buge ta a gaba, ƙarfen da ke juya tayar zai iya lanƙwashewa. A miƙe komai daidai, amma a kwana bambancin nan tsakanin tayar ciki da ta waje ya lalace. Alamarsa ƙara mai yawa idan an juya gefe ɗaya, shiru a ɗayan. Wannan sai an ɗora motar a kan injin alaimen an auna karyewar kowace taya, ba abin da za a yanke hukunci a kansa daga bayanin da aka rubuto ba ne.

Ƙarar da ba ta taya ba ce

Ba duk ƙarar da ke zuwa a kwana ce ta taya ba. A motocin da sitiyarinsu ke aiki da mai, idan aka danne shi a ƙarshe famfon na shan wahala, bel ɗin da ya saki ko ya tsufa sai ya zame ya yi ƙara mai tsini daga cikin bonet, ko da motar a tsaye take. Idan man ya yi ƙasa kuma kuka za ka ji mai tashi da sauka tare da sitiyari. Corolla ta 2010 sitiyarinta na lantarki ne, don haka wannan bai shafe ka ba, amma mai tsohuwar Camry ko Accord ya lura, kuma kada ya riƙe sitiyari a ƙarshe fiye da 'yan daƙiƙu. Ƙas-ƙas-ƙas da ke bin juyawar taya idan an karya sitiyari an ba da wuta, shaf ne, galibi robar da ke rufe shi ta yage giris ya fita rairayi ya shiga. Tsuwar ƙarfe da ke canzawa idan ka ɗan taɓa birki, fad ɗin birki ne ya kusa ƙarewa. Gurza mai kauri a ƙarshen sitiyari kaɗai, taya ce ke taɓa robar da ke cikin ramin taya, sau da yawa saboda an sa wadda ta fi girman da aka ƙayyade, kuma za ka ga wurin da ta goge.

Masu Hilux da ire-irenta su ma su ji wannan. A kwana, tayoyin huɗu kowacce da nisan da take ci. A misalin da na ba da a sama, zagaye ɗaya cikakke tayar baya ta waje ta fi ta ciki tafiya da sama da mita 9, kuma tayoyin gaba sun fi na baya. Idan aka manta motar a 4H, wato giyar da ke sa tayoyi huɗu su ja tare, bayan an fito daga rairayi, gaba da baya a kulle suke tare, babu inda bambancin zai tafi sai ta hanyar jan taya. Motar za ta yi ƙara, ta yi tirjiya, sitiyari ya yi nauyi. A mayar da ita 2H, inda tayoyi biyu kaɗai ke ja, kafin a hau busasshen daɓe, don abin da ke shan wahala a nan giya ce da shaf, kuma gyaransu ba arha.

Idan komai lafiya

Idan iska daidai, tayoyin ba su tsufa ba, ba na ƙasar sanyi ba ne, kuma ƙarar ba ta bin ka kan kwalta, ka bar motar yadda take. 'Yan mitocin da kake ja a kowace rana ba za su cinye taya ba. Za ka iya rage ƙarar idan ka buɗe kwanar kaɗan maimakon karya sitiyari zuwa ƙarshe, ka rage gudu kafin ka shiga ba a tsakiyarta ba, ka kuma ɗaga ƙafa daga totur har sai tayoyin sun fara miƙewa, domin motarka da tayoyin gaba take ja, ba da wuta a kwana na ƙara musu aiki. Kada ka murɗa sitiyari motar na tsaye cak, ka bari tana ɗan motsi. Kada kuma ka yarda wani ya shafa wa zanen taya mai ko man sheƙi da sunan maganin ƙara, riƙon tayar yake kashewa.

Abin da ya fi ƙarar haɗari a irin wannan daɓe shi ne ruwa. Fentin da ke riƙe roba gam idan ya bushe yana zama sulɓi da zarar motoci sun shigo da ruwan sama a damina, ko inji ya ɗigar da mai a kai, kuma a lokacin ba za ka ji wata ƙara da za ta gargaɗe ka ba. A gangaren shiga da kwanar da ke ƙasansa ka sauka da giya ta ɗaya, ko L idan motar otomatik ce, ka bar tazara tsakaninka da na gabanka. Idan kana da hanyar magana da masu kula da ginin, ka gaya musu akwai gyara: idan za a sabunta fentin, a watsa busasshen yashi mai tsabta a kan shafi na farko tun yana ɗanye, a share wanda bai kama ba bayan ya bushe, sannan a rufe da shafi na ƙarshe. Ko a kwanoni da gangare kaɗai aka yi hakan, ƙarar za ta ragu sosai, tayoyi kuma su samu abin kamawa idan wurin ya jiƙe.